Alawar da Jibrin Ya Kai wa Rajan

Jibrin mutumin Tudun Wadan Kaduna ne, kuma in akwai abin da yake taƙama da shi a duniya, to sanin siyasa ne. Shekara tara ya yi yana manna fasta da raba hula a mazaɓarsu kafin ya taho Riyad. Shi a faɗarsa, ko daga yadda mutum ya karya hula yana gane inda zai dangwala yatsa. Yau ga shi da shekara arba'in ba ɗaya, yana wankin mota a wani gareji a unguwar Gubaira. Tiyo da soso da bokiti, shekara huɗu ke nan, har fatar hannunsa ta yi fari ta tattare.

Abu ɗaya yake nema wurin Allah: ya koyi gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya iska. Ya ƙudura a ransa ba zai koma Kaduna ya ce wa mutane abin da ya koyo a ƙasa mai tsarki shi ne goge gilashi ba. Mai gyaran esin garejin wani ɗan Indiya ne daga jihar Kerala, sunansa Rajan, siriri mai furfura a gashin baki, shekararsa ashirin da biyu a Saudiyya. Kowa Mu'allim yake ce masa. Mataimakinsa ya koma ƙasarsu tun kafin azumi, sai Rajan ya ce bayan ƙaramar Sallah zai ɗauki ɗaya daga cikin masu wankin motar nan biyu. Ko Jibrin, ko Issoufou, wani bawan Allah mutumin Maraɗi wanda sai ka yi yini da shi bai ce kanzil ba. Kafilinsu, wato Balaraben da iƙamarsu, takardar izinin zama, take hannunsa, ya ce shi babu ruwansa, wanda Rajan ya nuna shi ke nan.

Jibrin kuwa bakinsa ba ya ajiya. Tuni ya faɗa wa matarsa Turai a waya cewa abu ya kusa, ita ta faɗa wa yayanta, yayan har ya fara cigiyar rumfa a kasuwar Panteka.

Ana cikin haka zaɓen Indiya ya shigo. Shekarar 2019 ce, kuma azumi ya zo a tsakiyarsa. Zaɓe ne wai na sati shida da ɗoriya! Jibrin da ya ji haka sai da ya ajiye soso. A gida kwana ɗaya ake yi, kuma a kwana ɗayan nan ma ana sace akwati, to ina ga an ba mutane wata ɗaya da rabi?

Kullum dab da magariba ana shimfiɗa leda a bakin gareji, a jera dabino da madara da sambusa. Rajan ba Musulmi ba ne, Hindu ne, amma da shi ake zama, kuma shi ke kawo ayaba. Ana zama da Alhaji Imtiyaz, mai shagon kayan gyaran mota da ke manne da garejin, Musulmi ɗan jihar Gujarat, mai tumbi da carbi da waya biyu. Da an sha ruwa sai gardama ta ɓarke tsakaninsa da Rajan. Su yi da Indiyanci, su haɗa da Turanci, in sun ga Jibrin ya yi ƙuri yana kallon bakinsu sai su sauko masa da Larabcin gareji, wanda babu Balaraben da zai yarda yarensa ne.

Wallahi duk abin da suka fassara masa ƙara ɗaure masa kai yake yi.

Rannan a kan albasa suka yi. Imtiyaz ya ce daidai ne gwamnati ta hana fitar da albasa waje in ta yi tsada a gida. Rajan ya ce to manomin da ya shuka ta fa, ya ci ƙasa? Jibrin ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Imtiyaz ya dube shi ya ce, "Sadik, abokina, albasa tana kayar da gwamnati a ƙasarmu." Jibrin bai ga alamar wasa a fuskarsa ba.

Washegari a kan man fetur. Wai Amurka ta ce kada Indiya ta ƙara sayen man Iran, Indiya ta ce to. Rajan ya ce wannan zubar da girma ne. Imtiyaz ya ce ai gaba ta kai su, yanzu sai a ƙara saye daga Saudiyya, zumunci ya ƙaru, ga shi har an ƙara musu kujerun Hajji. Kafin Jibrin ya gama haɗiye wannan, sai ga Imtiyaz ɗin nan dai ya juya yana tsine wa sabon harajin gwamnati, yana cewa ya kashe wa ƙanensa kasuwa, yana tuna ranar da aka wayi gari an soke manyan takardun kuɗi, mahaifiyarsa ta yini a layin banki. Har ya buga hannu a leda, madara ta zube.

Abin da ya fi ba Jibrin mamaki shi ne ranar da kuɗinsu rupi ya faɗi. Su biyun suka zagi gwamnati tas, suna gamawa suka tashi da sauri kowa ya je aika kuɗi gida, suna murmushi. Jibrin ya ce a ransa waɗannan mutane ba su da kan gado. Bai tuna ba cewa shi ma haka yake yi duk ranar da naira ta faɗi.

To amma ɗan siyasa ba ya rasa bakin zare. Jibrin ya gano cewa su ma da alama suke zaɓe, kamar yadda ake da tsintsiya da lema a gida. Akwai jam'iyyar fure, ita ke mulki, kuma ya ji a sashen Hausa na rediyo cewa ta 'yan kishin Hindu ce. Akwai jam'iyyar tafin hannu, ita ce babbar 'yar adawa. Ya kuma lura duk lokacin da aka ambaci tafin hannu, Rajan sai ya yi tsaki, ya ce ɓarayi ne, ba su da alƙibla. Ga shi kuma kafin azumi Rajan ya yanki tikiti da kuɗinsa ya tafi gida kwana biyar don kawai ya yi zaɓe, ya dawo da baƙin tawada a farcensa yana nuna wa kowa.

Shi ke nan, magana ta fito.

Suna ɗauraye wata farar mota da rana ya warware wa Issoufou lissafin. "Malam Issoufou, ka ga abin nan ba wuya. Jam'iyya biyu ce. Mu'allim Hindu ne, kuma ba ya ƙaunar tafin hannu. To ina ya rage masa? Fure. Alhaji Imtiyaz Musulmi ne, kuma kana ji yana zagin haraji. Ɗan adawa ne. Kamar Kaduna ce, ka faɗa mini unguwar mutum da inda yake ibada, in faɗa maka ƙuri'arsa."

Issoufou ya matse tsumma ya ce, "Allah shi ne masani."

"Allah ne masani, amma ai ya ba mu hankali."

"To jar tutar nan ta wayar Mu'allim fa? Mai guduma da lauje."

Jibrin ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Malam Issoufou! Bakanike ne fa. Tambarin ƙungiyar masu aikin hannu ne, kamar tamu ta direbobi."

Ranar Alhamis aka fara faɗar sakamako. Tun da hantsi Jibrin ya ji a waya cewa fure ta yi kaca-kaca da kowa, ta lashe fiye da na wancan karon. Ya leƙa ɓangaren esi, ya hango Rajan a zaune kan wani tsohon batir, ya kifa kai a waya, ko motsi ba ya yi. Jibrin ya gyaɗa kai. Haka manya suke, murna ba ta sa su tsalle.

Abin da siyasa ta koya masa shi ne, ranar nasara ba a jira. Wanda ya fara isa ƙofar gida da murna, shi ake tunawa ranar rabo. Wanda ya zo washegari ɗan kallo ne. Kuma ba a zuwa hannu biyu. Ya ce wa Issoufou zai je ya dawo, ya tari tasi da azuminsa cikin ranar nan mai ƙona ƙeya, ya wuce Al-Oud ya shiga Batha, inda shagunan Indiyawa suke. Ya tambayi mai shagon alawa wace iri ake rabawa in an ci zaɓe. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauko masa wata mai kama da ƙwallon ƙuli-ƙuli, ruwan lemo, mai maiƙo. Laddu sunanta. Jibrin ya ce a cika kwali, a ɗaure da zare mai ƙyalli.

Ya so ya yi a gaban jama'a, don murnar ɓoye ba ta da lada a siyasa. Sai ya jira aka shimfiɗa leda. Imtiyaz bai fito ba tukuna, amma ga Issoufou, ga masu fenti 'yan Pakistan su biyu, ga Rajan ya zo ya zauna a gefe, yau ko ayabar bai kawo ba. Ana kiran salla aka kai dabino baki, Jibrin ya miƙe, ya rusuna a gaban Rajan, ya ajiye kwalin ya kwance zaren.

"Mabruk, Mu'allim! Mabruk! Naku ya samu. Allah ya sa a gama lafiya, ya ba da ikon riƙewa."

Rajan ya dubi alawar. Ya dubi Jibrin.

"Namu wa?"

"Fure mana! Hindu sun ci. Mulki ya dawo gida." Har ya ɗaga masa babban yatsa.

Ɗaya daga cikin masu fentin ya ƙware da madara. Nan Jibrin ya fara shan jinin jikinsa, amma bai san ta ina ɓarakar take ba. Ko alawar ce ba irin ta ba? Ko ba a ba babba abu a gaban mutane a al'adarsu?

Rajan ya zaro wayarsa, ya kunna, ya nuna masa jar tutar nan.

"Ka san wannan?"

"Ta ƙungiyar kanikawa."

"Jam'iyyata ce. Ta ubana ce. An fasa wa ubana kai a kanta. A jiharmu kujera ashirin ce, yau ɗaya muka samu. Ɗaya!"

"Subhanallahi. Fure ta cinye?"

"Fure ko ɗaya ba ta samu ba a wurinmu. Tafin hannu da abokanta suka cinye."

"To ai... tafin hannu ba ita ta faɗi ba?"

"Ta faɗi a ƙasa. Ta ci a jiha."

Jibrin ya ji kansa yana juyawa kamar ya sha rana. Wadda ta ci ta faɗi, wadda ta faɗi ta ci, Mu'allim kuma ya faɗi a hannun wadda ta faɗi. Abin da ya fito daga ƙarshe shi ne mafi muni. "Amma Mu'allim, kai ba Hindu ba ne?"

Rajan bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Shekara huɗu muna cin abinci a leda ɗaya." Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya shige ciki, bai sha ko ruwa ba.

Kunya ta rufe Jibrin, kunya irin wadda mutum yake ji har a tafin ƙafarsa. Ya yi sallar magariba bai san me liman ya karanta ba. Da aka sallame ya ce to, tunda murna ta ɓaci, bari ya je ya sauke ɗaya nauyin, ya yi wa Alhaji Imtiyaz jaje, wataƙila ma ya sami mai fahimtar da shi. Ya shiga shagon da fuskar ta'aziyya, ya haɗa hannu biyu a ƙirji.

"Alhaji, sai haƙuri. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so."

Bai rufe baki ba ya ga kwali uku a kan kanta, a buɗe. Alawar nan ce dai, ruwan lemo, mai maiƙo. Imtiyaz yana tsaye yana miƙa wa wani direba, wani kuma yana ɗaukarsu hoto da waya.

"Haƙurin me, sadik? Ɗauki biyu!"

Tabɗi! Jibrin ya dafa kanta. "Alhaji, kai ma fure ne?"

"Sun yi titi. Sun kawo wuta. Kayana suna fita tashar jirgin ruwa ba a riƙe su sati uku."

"Ba kai ne kake zagin haraji ba?"

"Gobe ma zan zage shi."

"To su ka zaɓa?"

Imtiyaz ya yi dariya. "Ina Riyad, ta ina zan yi zaɓe? Sai mahaukaci irin Rajan ke yankar tikiti." Ya jira direban ya fita, sannan ya rage murya, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Ƙanena yana da shago a garinmu. Maƙwabtansa duk fure ne. Hoton nan yanzu zan aika, su gani a wayarsa. Ka gane?"

Jibrin ya ce ya gane. Bai gane ba. Murna ce wannan ko tsoro? Ya kalli mutumin, ya ga kamar duka biyun ne, kuma ya kasa raba su.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila abin ya huce da kansa. Amma ina! Jibrin ɗan gida ne, ya san in ka ɓata wa babba ba ka zuwa da kanka, sai ka nemi dattijo sa'ansa ya je ya ba shi haƙuri. Wa ya fi Alhaji Imtiyaz, wanda suka shekara goma sha biyar suna zama tare? Ya kwashe labari ya faɗa masa, ya roƙe shi don Allah don Annabi. Imtiyaz ya yi dariya har da hawaye, ya ce wannan ƙaramin abu ne, gobe bayan Juma'a zai gyara.

Ya kuwa je. Jibrin yana laɓe bayan wata motar ɗaukar kaya yana kallo. Imtiyaz ya shiga da fara'arsa, ya dafa kafaɗar Rajan, ya fara magana da Indiyanci yana nuna wajen da Jibrin yake. Minti biyu ba a yi ba murya ta tashi. Jibrin ya tsinci kalmar albasa, ya tsinci Iran, ya ji sunansa sau biyu a tsakiya, bai san a matsayin me ya shiga ba. Rajan ya buga sifana a kan tebur. Imtiyaz ya fito fuska a murtuke, ya wuce Jibrin yana cewa, "Ya ce na turo ka jiya ka yi masa dariya, yau kuma na zo in ga yadda ta kaya. Kada ka ƙara sa ni cikin shirginka."

Daga ranar leda ta rabu biyu. Imtiyaz yana shan ruwa a shagonsa, Rajan yana cin abincinsa a ciki shi kaɗai. Kwana goma sha ɗaya Jibrin yana gaida Rajan safe da yamma, yana amsawa ba yabo ba fallasa. Ya share masa wurin aiki, ya goge masa akwatin sifanu, Rajan ya ce shukran. Da daddare Turai ta kira ta ce yayanta ya ga wata rumfa kusa da masu gyaran radiyeta, Jibrin ya ce a dai ɗan dakata, layin ba kyau.

Aka yi Sallah, aka dawo aiki. Da safe wata tsohuwar mota ta shigo, mai ita yana fifita da kwali yana cewa esi iska mai zafi yake busowa. Rajan ya buɗe gaban motar, ya ɗaga kai ya ce, "Jibrin. Issoufou. Ku zo."

Jibrin ya goge hannu a riga ya matso.

"Me ya sami motar nan?" Rajan ya tambaye shi.

Wannan kam ya sani. Shekara huɗu yana kallo daga wurin wanki, mota goma in ta zo da wannan kukan, tara gas ne. "Gas ya ƙare, Mu'allim. A ƙara mata gas."

Rajan ya juya. "Issoufou?"

Issoufou ya sosa ƙeya. "Ban sani ba, Mu'allim. Sai an sa geji."

Rajan ya ɗauko gejin daga ƙusa, mai agogo biyu, ja da shuɗi, ya ɗaura. Allurar ta haura ta tsaya cak. Gas cike yake. Ya sa hannu ta bayan injin ya zaro wata waya da ta ƙone, ya nuna musu.

Ya dubi Jibrin, kuma wallahi babu fushi a idonsa, abin da ya fi ciwo ke nan. "Kana da ƙoƙari, Jibrin. Kana da kaifin kai, ka fi shi. Amma kai kana sanin amsa tun kafin mota ta tsaya. Wanda ya riga ya sani, ni ban san yadda zan koya masa ba."

Ya kwance gejin, ya naɗe tiyoyinsa, ya miƙa wa Issoufou.

Issoufou ya karɓa da hannu biyu, ya saci kallon Jibrin kamar mai neman gafara. Jibrin ya ce, "Allah ya sanya alheri, Malam Issoufou," kuma muryarsa ta fita daidai, shi kansa ya yi mamaki. Ya koma wurin wanki. Mota huɗu ke jira, kuma daga yau shi kaɗai ne a kansu. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya duba ya ga Turai ce. Ya tsaya da ita a hannu har ta katse, ta sake kira, sannan ya sunkuya ya buɗe famfo.